Kashi Tara Cikin Ɗari

A shataletalen bakin tashar jiragen ruwa ta Setubal,
ranar Laraba, ana yayyafi kamar mai jin kunya,
motar kifin Baltazar ta ƙi jin birki.
Ƙarar ba ta zauna min a kai ba.
Abin da ya zauna ƙanƙara ce warwatse a kan kwalta,
da kifin sardin yana ƙyalli kusa da takalmina,
da wani tsoho yana tsince su ɗaya bayan ɗaya
don ya rasa yadda zai yi da hannuwansa.

Ni na san abin da nake yi da nawa.
Da su nake hira da Gaspar.
Shekararsa bakwai, bai taɓa jin tsawa ba,
bai taɓa jin muryata ba, bai kuma taɓa nema ba,
harshena yana tsakanin yatsuna.
Sunansa ma a hannuna yake:
yatsu biyu a lanƙwashe, a taɓa kunci,
daidai inda murmushi ke lotsa masa.

Ƙarfe uku aka sa min a tsintsiyar hannu.
Kwana goma sha ɗaya a gadon asibiti.
Rana ta huɗu Baltazar ya zo da ledar lemu,
ya tsaya yana murza hularsa.
Na ga maganar ta hau masa har maƙogwaro
ta koma. Kamfanin inshora ya ja masa kunne,
"ki yafe ni" tana da tsada a kotu.
Ya ajiye lemun ya fita.
Ni kuwa ba hannun ɓarewa.

Lauyata, Leonor Abrantes, mai tari da jan biro,
ta ce, "Filomena, kada ki yar da komai.
Rasitin tasi, rasitin magani, takardar gashin ƙashi,
har ranakun da keken ɗinkinki ya kwana a rufe."
Na samo kwalin takalmi.
Wata goma sha huɗu kwalin yana ƙiba, ni ina ramewa.

Likitan kamfani ya zo da ma'auni irin na 'yan makaranta.
Dunƙule. Buɗe. Sake dunƙulewa.
Ya buɗe littafinsa, kowace gaɓa da farashinta
kamar allon mahauci.
Ɗan'ali da na tsakiya sun ƙi lanƙwasuwa,
kashi tara cikin ɗari ke nan.
Na ce, "Da su nake kiran ɗana."
Ya ɗago kai, ya koma littafin,
da gaske ya duba, har bangon baya.
Babu layin.

Suka yi tayin yuro dubu shida. Leonor ta ja tsaki.
A gaban alƙali ta ce in nuna, kada in faɗa.
Na ɗaga hannu in ce, zo ka ci abinci, ya fara hucewa.
Tafinta ya kalle ni, ya daɗe yana kallo,
ya ce, "Ranki ya daɗe, wannan in'ina ce.
Rabi kawai na kama."
Ina jin biron alƙali yana tafiya a kan takarda.

Dubu ashirin da uku. Aka buga hatimi.
Lauya ta cire nata,
na biya bashin haya, na saya wa yaron rigar sanyi.
Ba zan yi ƙarya ba, kuɗin sun yi rana.
Mai cewa kuɗi ba magani ba ne
bai taɓa kwana da mai gida a bakin ƙofa ba.

Daren da takardar ta iso
ina wanke kwanuka da hagu
Gaspar ya ja min riga.
Ya kama yatsun nan biyu masu taurin kai,
bai yi ƙoƙarin lanƙwasa su ba,
ya kai su kuncinsa a miƙe yadda suke,
sannan ya nuna ƙirjinsa.
Wai sunansa ke nan daga yau.

Famfo yana ta zuba.
A cikinmu ni kaɗai ke jin sa,
ban kuma rufe ba.