Dogon Wuya

A amalanke aka kawo shi daga Apapa,
ƙafa ɗaya a sama kamar ragon da aka ɗaure,
tsatsa ta ci shi har cikin haƙarƙari.
Iya Morufu ta leƙo ta tagar bene:
"Malam Jatau, gwangwan ka koma saye?"
Na yi shiru. Na sallami mai turawa.

Wuyansa dogo, na zalɓe a bakin ruwa,
ƙahonsa can sama, sai ka ɗaga hannu biyu
kamar mai roƙon ruwa kafin ka kama shi.
Wani ma'aikacin jirgi ne ya sauke shi, aka ce,
tun ban zo duniya ba.
Ya bar shi jingina, teku kuma ba ta maido mutumin ba.

Bayan gida, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya,
na shimfiɗa buhun siminti, na tuɓe shi.
Notuna a gwangwanin madara,
kusoshi a tsohon kwanon sha,
kafireto ya kwana uku cikin kananzir
yana amayar da shekara arba'in.
Gishirin Ikko ba ya barin ƙarfe ya tsufa da mutunci.

Sau bakwai na je Ladipo.
Obiora ya juya fulogin a tafin hannu,
ya yi dariya har ya dafa ƙofar shago:
"Dangin wannan sun ƙare, Alhaji."
Amma ya shige ciki, ya daɗe,
ya fito da ɗan'uwansa a naɗe cikin tsumma.
Gaskit kuwa, a kwali na yanka shi
da almakashin ɗinkin uwar Kande.
Har yau ba ta san abin da ya dakushe shi ba.

Wata Asabar bayan la'asar na taka kik.
Shiru. Na sake. Ya rama a ƙwaurina.
A na biyar ya yi tari, a na tara ya yi gurnani,
kaji suka watse,
janareton maƙwabta ya ji kunya.
Na hau. Na kai bakin layi, wajen mai gasa masara.
Ya mutu.

Kullum nan, kamar an shata masa iyaka da gawayi.
In turo shi gida, gumi har cikin takalmi,
ya huta, ya tashi, ya kai wajen masara, ya mutu.
Na zargi batir. Na zargi kwayil, na sake waya.
Na zargi man da na saya a jarka a Oshodi.
Har mai masarar na fara yi wa wani kallo.

Daren da aka ɗauke wuta, ruwa na dukan kwano,
Kande ce riƙe da tocila, shekararta tara,
tana hamma, hasken na yawo a bango.
Na buɗe murfin tanki in duba mai.
Ta ce, "Baba, ya yi ajiyar zuciya."
"Wa?"
"Shi. Duk sanda ka buɗe sai ya ja numfashi."

Na kifa murfin a ƙarƙashin haske.
Ɗan rami ne, bai kai ƙwayar gero ba,
zanzaro ya yaɓe shi da laka,
ya gama gininsa, ya tafi abinsa tun yaushe.
Wata huɗu ina haƙa rijiya a cikin inji,
ashe hanci aka toshe masa.

Da tsinken tsintsiya aka buɗe shi.
Ita ta buɗe, ba ni ba.

Da sassafe, titi bai gama farkawa ba,
muka wuce wajen mai masara, murhunta a kife.
Ban ce komai ba, shi ma bai ce ba.
Muka hau gadar Agege, jirgin ƙasa na ƙasa da mu,
hannuna a sama, nata a ƙuguna,
kuma ban juya ba
sai da ta ce tana son ƙosai.