Akori-kurar Don Evaristo

A hoto kowace mota sabuwa ce.
Da ya ce in turo rabin kuɗi daga Osorno,
na ce masa ba a sayen biri a sama.

Kwana guda cur a bas.
Ruwan kudu ya ƙare, duwatsu suka fara.
Na sauka Copiapó da Ximena, ƙanwata bakanika,
maganaɗisu a aljihunta.

Mun yi sammako kafin a ɗumama injin,
don injin sanyi bai iya ƙarya ba.
Ta bi jikin motar da maganaɗisun.
Ya kama ko'ina, ban da ƙofar hagu.
Tsohon ya sunkuyar da kai:
"Bishiya ce. Idona ya fara tafiya."

Lambar ƙarfe ta zo daidai da ta takarda.
Ba bashi, ba tara.
A gaban lauya na biya, ya sa hannu,
biro na rawa.

Da na zauna, gwiwata ta daki sitiyari.
"Marigayiya gajera ce," in ji shi.
"Shekara uku ban matsar da kujerar ba."

Sai da muka sha kwanar gidansa
na ja ta baya.