Ba a Tuƙa Madubi

Sunka zo ran da nike ɗaurin dami,
farar mota biyu, da yaro mai hular ƙarfe
yana jan igiyar awo bisa kuyyan gerona
kamar mai gwajin likkafani.
Ban ce mai komi ba. Na miƙa mai ruwa a ƙwarya,
don baƙo ne, kuma ana rana.

Sunka kafa turaku masu jan kai
tun daga gawon da Inno Kulu ka shanyar kuɓewa
har burtalin da shanun Arɗo Manu ka bi
su gangara fadamar Rima.
Hekta ɗari huɗu, in ji takarda.
Mu a Tungar Maje ba mu san hekta ba,
mun dai san dami nawa ka fita kowace gona.

A zauren hakimi anka tara mu.
Mai tabarau yac ce za a shuka madubai,
su sha rana, su haifi lantarki.
Barmo makaho yaɗ ɗaga sandarsa:
"Wutar wa za ta haska?"
Anka ce birni, da injinan birni.
Yac ce, "To kun zama 'yan'uwana,
waya ta wuce bisa kanku, ku cikin duhu ku kwana."

Kada a kai labari cewa muna gaba da sola.
Ɗana Lawwali na da faranti guda bisa rufin shago,
da shi yake cajin wayoyin gari,
ta nan nij ji rasuwar ƙanwata a Illela.
Farantin nan ya san wurinsa.
Bai taɓa ce ma gero tashi in zamna.

Ga fako can gabas da mu,
tsakuwa zalla, ko akuya ba ta tsayawa,
can ma rana na zuba, ba ta da rowa.
Munka nuna musu.
Sunka ce ya yi nisa da babban layi.
Ashe tsawon waya ake lissafi,
ba a lissafa bakunan da ka jiran tukunya ta nuna.

Kuɗin diyya na auna su da tiya:
cin shekara ukku, in ba a yi biki ba.
Ta huɗu fa?
Ba a tuƙa madubi.
Ba ya ba da kara a yi darni,
ba ya barin harawa ga tumaki,
ba a binne cibiyar jika ƙarƙashinai a tuna.

Abin da ka ci min rai, Sanda ne, autana.
Ya kai sunansa cikin masu wankin gilasai,
albashi duk wata, da riga mai tambari.
Ban hana shi ba, da mi zan hana shi?
Akushi ɗaya muke sa hannu har yau,
sai dai kowa miya yake kallo,
ba mai kiran wani da suna.

Mutum tamanin da ukku munka dangwala yatsa,
Liman ya kai takardar sakatariya.
Sun ce a jira.

Jiya hadari ya taso daga wajen Goronyo.
Na tuge turke ɗaya, na ɗaure jakina da shi,
yana da ƙwari, ba laifi.
Iri na cikin gora, sungumi na bakin ƙofa.
In anka yi ruwa daren nan
zan riga su fita, kamin ɓullowar rana.