Ido na Uku

Sha ɗaya na dare, Jidda na gumi.
Iskar teku ta shafa wa gilashin kyamarata gishiri,
na goge da bakin mayafi.
A ƙofar zauren mata wata dattijuwa na karɓe wayoyi,
kowa ta miƙa tata, a ba ta lamba.
Ni kaɗai aka bari na shige da ido na uku.

Ciki an tuɓe abayoyi an rataye,
ga leshi, ga zinariya, ga kitson da namiji ba zai gani ba.
Hayaƙin turaren wuta ya tokare rufi,
gahawa na yawo a ƙananan kofuna.
Na kafa mai ƙafa uku kusa da kujerar amarya,
na buɗe farar lema, ba don ruwa ba.

Kyamarar nan tsada gare ta,
riyal dubu tara, na biya a wata goma sha huɗu,
amma inda aka ƙera ta ba su san mu ba.
Da ta ga farar riga sai ta tsorata ta runtse,
ta bar fuskar Rumasa'u cikin duhu,
haƙora da idanu kawai.
Don haka nake ƙwace mata hukunci, in auna da hannuna.

Baƙar fata ba ta son a daka mata tsawa da haske.
Ka harba filasha kai tsaye,
goshi ya yi ƙyalli kamar kaskon tuya,
kumatu su koma toka.
Lallashi take so.
In tura hasken cikin lema, ya sha kwana,
ya dawo a sanyaye ta gefen kunci,
kamar baƙon da ya yi sallama kafin ya shigo.
Wata yarinya ta riƙe min faifan zinariya ƙasan haɓa,
na ce ɗaga kaɗan, kaɗan dai, tsaya nan.
Sai ga Rumasa'u ta fito,
launin dabino mai taushi,
har da ɗan tabon gira da uwarta ta ce in ɓoye.
Ban ɓoye ba.

Wajen biyu da rabi, batir na biyu ya kusa mutuwa,
kakar amarya ta yafito ni.
Iya Kulu, wadda aka goyo daga Haɗeja,
shekara uku a hanya, in ji ta.
Tun farkon dare take kare fuska in na juyo.
Ta ce, ke 'yar Karantina, fuska dai a'a,
amma ɗauki wannan.
Ta shimfiɗa hannayenta kan cinyar jikarta,
jijiyoyi kamar saiwar gawo,
kusa da lallen da bai gama bushewa ba.

Na kashe filasha.
Fitilar bango ta isa.
Na riƙe numfashi don kada hannu ya yi rawa,
ya yi rawar duk da haka.

Innata hoto ɗaya ta bari,
na takardar zama, ɗan mitsitsi,
an haske ta kamar wadda aka kama da laifi,
hatimi ya cinye mata rabin kunne.
Shekara shida ina sana'ar nan tana da rai,
kullum sai in ce gobe,
in na sayi gilashin da ya fi wannan.

Da assalatu uwar amarya ta tsaya a kaina,
na zare katin na sa mata a tafin hannu,
hoto dubu da ɗari biyu, ko ɗaya ba nawa ba.
Haka sharaɗin yake, kuma daidai ne.
Ta ƙirga kuɗi, na naɗe lema.

Direba na jira, an fara kiran salla.
Kyamara a cinyata, ba komai cikinta,
har yanzu da ɗumi.