Iska a Leda

Kwana huɗu na yi a Punta Arenas
ina ƙwanƙwasa ƙafafun tashar jiragen ruwa,
ina rubuta inda tsatsa ta ci, inda gishiri ya lasa.
Da yammar yau na rufe littafi,
sai ga aikin da ya fi wancan wuya:
tsaraba.

Amaru shekararsa tara,
Trini ta cika biyar a watan jiya.
In nasa ya fi girma, ta cika gida da kuka.
In na kawo iri ɗaya,
ya ce na mai da shi jariri.
Ma'aunin da nake gwada kaurin ƙarfe da shi
bai san wannan lissafi ba.

Shagon na bayan dandali.
Mai shi, Eliana, tsohuwa ce, tana saƙa,
ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Yaran nawa ne?"
Na ce, wa ya gaya miki?
Ta ce, "Mai saya wa kansa farashi yake dubawa.
Ke kuwa tun ɗazu tsawo kike aunawa da yatsa."

Ga tsuntsayen ƙanƙara na auduga, baƙi da fari,
sun jeru kamar ɗalibai a layi.
Na juya ɗaya, na karanta takardar gindinsa:
ashe shi ma baƙo ne a nan,
ya fi ni yin doguwar tafiya.
Na tuna jirgin katakon bara,
yana ƙarƙashin gado a Valdivia, filafilansa a karye,
da ƙaramin ganga da ubansu ya ɓoye a saman kwaba
don kunnensa ya huta.

Na ɗauki hular ulu ja ta Trini.
Za ta yi mata yawa bana, to, baɗi fa?
Eliana ta naɗe ta a tsohuwar jarida.
Saura Amaru.

Ranar da zan taho, yana daga bakin ƙofa
da burodi a hannu, ya ce,
"An ce iskar can tana ka da babban mutum.
Ki kawo min in gani."
Na yi dariya a lokacin, motar haya na jira.

Yanzu ga ni a bakin ruwa, ƙarfe tara rana ba ta faɗi ba,
iskar na fizgar rigata kamar mai bin bashi.
Na zaro ledar da na sa takalman aiki,
na kakkaɓe, na buɗe mata baki.
Ta shiga da kanta, ta cika ta tim.
Na ɗaure da igiyar gashina, ƙulli biyu.
Wani masunci ya tsaya yana kallona.
Na ce, ta yaro ce.
Ya gyaɗa kai kamar kullum haka ake yi.

A filin jirgi ma'aikaci ya ɗaga ta sama,
ya girgiza, ya kara a kunne.
"Mene ne a ciki?"
Na ce, garinku.
Ya miƙo min da hannu biyu.

Tana kan cinyata yanzu, muna cikin gajimare.
Gefe ɗaya ya fara laushi,
wataƙila akwai huda da ban gani ba.
Na san yadda za ta kaya:
Trini za ta yar da hular ta rungume jaridar,
ko ta ce ita ma iska take so,
sai a zauna rabo, wanda ban san yadda ake yinsa ba.

Na ɗora yatsa inda nake zargin hudar.
Sauran awa biyu, sannan motar dare.
Ba zan yi barci ba.