Inci Goma Sha Biyar

Oktoba ta raba tsakiya a Kuusamo,
rana ta fara rowar fitowa,
bakin tafki ya yi yanar ƙanƙara.
Na tuƙo motar babana Aatos zuwa shagon Reijo.
Wata bakwai da binne shi,
kujerar har yau tana riƙe da lotsawar bayansa.

Reijo da haɓa yake gaisuwa.
Ya durƙusa, ya cusa ɗan ƙarfe cikin zanen taya,
ya zaro, ya duba, ya ja tsaki:
"Milimita uku, Sirkka. Rabin ƙusoshin sun zube.
Ga shekarar ƙira a gefe, lamba huɗu.
Robar nan ta girmi bokon ɗanki."

Ɗan nawa, Verneri, yana tsaye da waya a hannu.
Sabon wili yake so, inci sha bakwai, mai ɗaukar ido,
da taya mai faɗi, mai gajeren gefe,
wadda ke sa mota ta lafe kamar kyanwa ta ga ɓera.
"Mama, ai ko kaka da ya so."
Na ce, kakanka da ko hula bai sauya ba shekara ashirin?

Reijo ya buɗe ƙofar direba,
ya ɗora baƙin yatsa kan takardar da ke manne a ginshiƙi:
ɗari da casa'in da biyar, sittin da biyar, sha biyar.
"Ta farko faɗi. Ta biyu tsayin gefe, kaso ne na faɗin.
Ta uku bakin wili, ita ba a tayawa.
Takalmi, ƙafa ke faɗin lambarsa, ba ido ba.
Ka ƙara kewaye, agogon gudu ya koyi ƙarya,
ka karya kwana, roba ta ci madigadi.
Mai faɗi kuma, yaro, iyo take yi a kan dusar ƙanƙara.
Siririya ke yankawa ta iske ƙasa."

Na buɗe aljihun mota neman takardu.
Safar hannu ɗaya, alewar tari ta manne da ledarta,
sai wani ɗan littafi, bangonsa ya sha maiƙo.
Rubutun fensir, tsaye ƙyam kamar mai shi:
kwanan wata, kilomita, awon iska,
kowace shekara layi guda.
A shafi na uku lamba ta sauya:
ɗari da tamanin da biyar.
A ƙarƙashi, da ƙananan baƙaƙe:
"Sirkka na da ciki. Asibiti kilomita sittin.
Na sa siririya. Agogo zai ce tamanin ina ƙasa da haka.
Ƙaryar da ke rage mini gudu, na yafe mata."

Ban karanta a fili ba. Na miƙa wa Verneri.
Ya daɗe a kan layi huɗu.
Wayarsa ta yi haske, ta gaji, ta mutu.

Reijo ya leƙa, ya koma ginshiƙi.
"Kamfani ya yarda, ga shi a layi na biyu.
Ina da huɗu a sito, ƙirar bana."
Bai tambayi abin da ya jiƙa mini ido ba,
ya ce akwai kofi a butar can, amma ya kwana.

Tsofaffin wilin suka hau teburi ɗaya bayan ɗaya,
da tsatsarsu, da tabon wani dutse da ban san labarinsa ba.
Verneri ya riƙe notuna a tafin hannu,
Reijo na nuna masa ɗauri: wannan, sai na daura da shi,
kada ka bi su a jere.
"Bayan kilomita ɗari ku dawo a ƙara matsewa.
Kowa cewa yake zai dawo."

A hanyar gida ƙusoshi na ƙas-ƙas a kan kwalta
kamar yayyafi a rufin kwano.
Duhu ya riga mu shiga daji tun ƙarfe biyar.
Verneri ya kunna fitilar sama, ya lashi bakin fensir,
ya tambaye ni nawa ga wata.