Dala Ɗari

A Yalwan Garwa, bayan isha'i,
fanka na juyi kamar an tilasta ta,
na ɗora kwamfuta kan buhun gyaɗa
don teburin ƙungiyarmu ƙafa uku gare shi.

Akwai ɗan aike cikin na'urar nan.
Ba shi da ƙafa, bai taɓa kurɓar Binuwai ba.
An ba shi kayan aiki bakwai,
kowanne da 'yar takarda a wuya
mai faɗin abin da yake yi.
Takardun nake aunawa:
jagora suke, ko ɓatarwa?

Na ce: biya Hamajam ladan dako, dala ɗari.
Ya ɗauko makamin biya, nan bai kuskure ba.
Takardar ta ce: "Saka adadi."
Ya saka ɗari. Faran ɗari!
Ko yarinya mai ƙanƙara a bakin tasha
ta san kowace dala biyar ke cikinta.
Allah ya so kuɗin gwaji ne,
da gobe Hamajam ya tsaya min a ƙofa
da gammonsa a hannu, bai ce komai ba,
wanda ya fi zagi ciwo.

Na kai hannu zan rubuta "ya faɗi",
sai Inna Kande ta faɗo min.
Ina shekara shida ta ce, "Sayo mai."
Na dawo da na shafawa,
albasa na jira a kasko.
Ta ɗaga takalmi, ta dube ni, ta ajiye.
"Bakina ne ya yi gajere," in ji ta,
"kafarka ta yi aikinta."

Gwaji na sha huɗu ya fi ban dariya.
Takardu biyu duk da "tura" suka fara,
ɗaya saƙo, ɗaya mota.
Na ce tura wa Yero labarin albasa,
ya tayar da tirela zuwa Pitowa
ta ɗauko labari.

Na kira Ilu a Ngawundere, shi ya rubuta su.
"Ai a fili suke," ya ce, yana tauna wani abu.
A fili gare ka, maƙeri,
kai ka san inda kaifin yake.
Baƙo ƙota kawai yake gani.

Arba'in na gwada, ashirin da uku suka isa gida.

Sai na zauna gyara, na zuba bayani,
layi tara ga makami guda,
har tarihin ƙungiya na sa.
Ya rikice kamar baƙon da ya tambayi hanya
mutum biyar suka amsa tare.
Na rage. Na bar abin da ke hana ɓata:
faran ake nufi, ba dala ba;
wannan ba ya kiran mota;
in ba ka san girman buhu ba, kada ka yi ƙiyasi.

Talatin da shida.
Uku sun faɗi, na san dalili, gyaran gobe ne.
Na ƙarshen ne ya hana ni tashi.

Na ce: biya Hamajam ɗari.
Ɗari kawai, da gangan na yi tarkon.
Bai biya ba, bai ƙi ba.
Ya ce: "Dala, ko faran?"

Jadawalin Ilu gida biyu ne,
ya ci, ya faɗi.
Babu gidan wanda ya tsaya a soro
ya yi sallama kafin ya shiga.

Wuta ta ɗauke, fanka ta huta.
Babur ya wuce, karnuka suka raka shi.
Da hasken waya na ja layi da biro,
na yi gida na uku a gefen takarda,
ɗan ƙarami, a karkace,
don buhun gyaɗa ba tebur ba ne.